Farin Da Ke Ƙasan Kwalba

Litinin, 3 ga Maris
Idon hagu ya yi ja tun Juma'a. Ba ƙaiƙayi, ciwo ne can ciki, kamar ana danna shi da babban yatsa. Haske ba ya bari na buɗe shi, na rufe taga da zanen marigayiya matata. Na dama ya mutu tun ina koyarwa. Wannan kaɗai ya rage.

Alhamis, 6 ga Maris
Asibiti. Na ɗora haɓa a kan na'ura, likita ta haska. Sa'ar 'yata Auta ce. Ta ce kumburi ne a cikin idon, in aka yi sakaci gani na iya tafiya. Kwalba biyu: ɗaya ta buɗe ƙwayar ido ciwo ya lafa, ɗaya ta kashe kumburin. Ta yi dogon bayani. Ina ta gyaɗa kai, rabi ban ji ba.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta kira. "Baba, in idon nan ya ƙi, gidana za ka dawo, ba shawara nake ba." Na ce da sauƙi. Ƙarya nake. A ɗakin nan uwarta ta cika, ga kujerarta. In na fita, na fita ke nan.

Talata, 11 ga Maris
Wani farin abu ya taru a ƙasan kwalba ta biyu. Marigayiya ba ta ɗiban ruwa sai laka ta kwanta. Da hannu biyu nake ɗaukar kwalbar, in karkata ta kaɗan, kada rawar hannuna ta tayar da dattin.

Juma'a, 14 ga Maris
Baƙaƙen ƙudaje na yawo a gabana. Na kai musu duka. Babu ƙuda.

Lahadi, 16 ga Maris
Ba na ganin layin da nake bi. Ya Allah, ko na ganin ƙofa ka bar mini.

Talata, 18 ga Maris
Kumburin ya ƙaru. Likita ta ce, "Baba, nuna mini yadda kake sawa." Na miƙa mata kwalbar a tsaye cikin kofi, na tokare ta da auduga don kada hanya ta jijjiga ta. Ta dube ni, ta dubi kofin. Ta girgiza kwalbar har ta koma kamar madara.
"Baba, farin nan shi ne maganin. Ruwa kake ta ɗigawa."
Wai an rubuta a jiki, da ƙananan baƙaƙe. Ni da na koya wa 'ya'yan mutane karatu.
"Hannun nan da ke rawa, ka ba shi aiki," in ji ta. Na yi dariya, kuka ya biyo baya. Na ce ganin zai dawo? Ba ta yi alkawari ba. Ta ce ko ja ya tafi kada na daina, ita za ta rage mini a hankali. Kuma a sami mai ɗiga mini.

Litinin, 24 ga Maris
Ja ya ragu. Ƙudajen na nan. Auta na biyowa kafin ta wuce aiki. Ni ke girgizawa, ita ke ɗigawa. Ba ta sake ta da maganar tashi ba, ni ma ban tambaya ba. Yau ta zauna a kujerar uwarta. Na ba ta makulli ɗaya. Don kada ta riƙa buga mini ƙofa ne kawai.