Ƙyauren Baba Yana Ƙarƙashin Ruwa

Gwaggo Safiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garinmu, don duk wanda na faɗa wa da safe, kafin la'asar ta isa kunnen tsohona.

Ni tela ne a kasuwar Yelwa. Asalina ɗan Gungun Tsamiya ne, wani tsibiri a tsakiyar Kwara wanda yau babu shi, ruwan madatsar Kainji ya shanye shi shekara uku da suka wuce. Mahaifina, Arzika, masassaƙi ne. Yana sassaƙa jirgi da turmi kamar kowa, amma ba da su aka san shi ba. An san shi da mataji mai siffar kifi, da awarwaron itace, da 'yan ƙananan tsuntsaye da ake hudawa a zura a zare, mata su rataya a wuya. Daga Shanga har Ngaski, in kin ga mace da irinsu, aikin hannunsa ne.

Babban aikinsa kuwa ƙyauren zaurenmu ne. Da icen kirya ya yi shi, shekarar da ya auri Inna, Allah ya jiƙanta. Kowace shekara in ruwa ya janye, sai ya ƙara halitta ɗaya a jikinsa. Akwai dorina da ɗanta, akwai kada, giwan ruwa, balbela, kififiya, har talatin da huɗu. Ba ya sassaƙa abin da bai gani da idonsa ba. Rani uku ya yi yana fakon ayu, dabbar ruwan nan mai wuyar gani, a cikin ciyawa kafin ya yarda ya sa shi. Mu a jikin ƙyauren nan muka koyi sunayen kifaye tun kafin a bar mu mu riƙe filafilin tuƙa jirgi.

Ranar tashinmu daga tsibirin, kowane gida an ba shi wuri daidai gwargwado a cikin babban jirgi. Ƙyauren nan sai ƙarti shida suke ɗaga shi. Mai jirgi ya ce mu zaɓa, ko shi, ko keken ɗinkina da gadona na ƙarfe. Gwaggo, ni na ce wa Baba ya bar shi, in ruwa ya janye ma dawo mu ɗauka. Nan da nan ya yarda, domin tun kaka da kakanni haka muka san Kwara, ta cika ta tumbatsa, in lokacinta ya yi ta koma. Ya shafe ƙyauren da man kaɗe, ya sa aka ja shi gindin tsamiya, ya ɗaure da sarƙa kamar yadda muke ɗaure jirgi lokacin ambaliya. Har yana gaya wa mutane kada su damu, ruwa ba ya cin kirya.

Amma ni na yi makaranta. Ni nake karanta wa mutanen gungunmu takardun da ake kawowa. Na sani sarai wannan ruwan ba mai komawa ba ne. Keken nake so, shi ya sa na faɗa. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata.

Yanzu Baba yana sabon garin da aka gina mana kusa da Wara, cikin ɗakin siminti mai ƙofar kwano. Tun da muka zo bai ɗauki gizago ba. Mata suna zuwa neman mataji, sai ya ce su dakata tukuna. Kullum da hantsi zai dogara sanda ya tafi bakin tafki, inda ya kafa wani kara yana auna ruwa da shi. Abin takaicin shi ne tafkin nan yakan ja baya kaɗan a farkon damina, sai ka ga tsoho ya dawo gida fuska a sake, har ya nemi ƙarin tuwo. Bara da ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, na ɗauki Sallau masunci muka je inda muke zaton gidanmu yake, muka saki igiya da dutse. Gaba goma sha ɗaya ta ci, kuma ko wurin ma ba mu tabbatar ba. Da na dawo na ce wa Baba saura kaɗan.

Bana jikinsa ya yi rauni, idonsa ya fara hazo. Makon jiya na tarar ya fito da kayan aikinsa yana wasa su. Ya ce halittu uku yake ɗauke da su a kansa, na shekara ukun nan, kuma yana tsoron idon ya tafi kafin ya sa su. Ya ce in nemo jirgi da mutum shida mu je mu ɗauko ƙyauren. Wallahi fita na yi bayan gida na yi kuka.

Matata ta ce in ci gaba da lallaɓa shi, wannan sa ran shi ke riƙe da shi. Yayata Asibi ta ce azabtar da shi muke yi. Ni kuma in na ɗora ƙafa a kan keken nan sai in ji kamar na sato shi. Har na yi tunanin sayar da shi in nemo masu ninkaya. Ina tsoron in na faɗa masa gaskiya in rasa shi, in kuma na yi shiru ya rasu yana jira, da maganata a kunnensa. Gwaggo, yaya zan yi?

Naki,
Tela Mai Nadama, Yelwa

*

Ɗana Tela,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma ji ta har cikin raina. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba lafiya.

Bari mu fara da keken. Kada ka sayar. Ba a samun mai ninkayar da zai nitse gaba goma sha ɗaya cikin duhun ruwa, ya kwance sarƙa, ya ɗago abin da ƙarti shida ke nishi a kansa. In ka tura 'ya'yan mutane, kana iya ƙara wa kanka abin da ya fi wannan nauyi. Kuma zaɓen keken ba shi ne laifinka ba. Da shi kake ci da iyali, tuwon da Baba ke ci ma daga nan yake fitowa. Da ka faɗa masa haka ƙiri-ƙiri a bakin jirgi, da ya ji zafi, wataƙila ya yi fushi, amma da ya yi sallama da aikinsa. Laifinka shi ne ka hana shi wannan sallamar, ka kuma sake hana shi bara.

Matarka ba ta yi ƙarya ba, sa rai yana riƙe tsoho. Amma dubi irin riƙon. Shekara uku hannun da mata ke nema daga Shanga har Ngaski yana zaune banza. Ina ganin Asibi ta fi kusa da gaskiya.

Kuma ina zaton kana raina sanin mahaifinka. Mutumin da ya tsufa a kan ruwa, yake auna tafki kullum, da wuya a ce bai fahimci komai ba. Mai yiwuwa abin da ya rage masa shi ne maganarka, kai da ka yi karatu, kai da ka ce saura kaɗan. Muddin kana faɗa, zai ci gaba da jira.

Saboda haka ka je ka same shi da safe, bayan ya ci abinci, Asibi tana kusa. Ka zauna ƙasa, ka faɗa masa duka: ruwan ba zai janye ba, igiya ta ci gaba goma sha ɗaya, kuma ka san haka tun ranar tashi. Kada ka tsallake maganar keken, ita ce ta fi wuya, ita ce kuma za ta sauke maka nauyin. Ka nemi gafararsa. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai. In ya yi kwanaki bai kula ka ba, ka ci gaba da zuwa gaisuwa.

Bayan haka ka nemo jirgin da ya ce. Ba sai da mutum shida ba, Sallau ya isa. Ku tafi ranar da babu iska, ka miƙa masa igiyar ya saki dutsen da hannunsa. In ya so yin addu'a ko kuka, ku bar shi ya yi, kada kowa ya ce ya isa.

Ka kuma nemi falankin kirya mai kyau ka jingine a ƙofar ɗakinsa, ba tare da ka ce komai ba. Ban yi maka alkawarin zai taɓa shi ba. Amma mutumin da ke wasa kayan aiki bai gama da sana'arsa ba, kuma halittun nan uku suna bukatar wurin sauka.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka ce sai baɗi. Nan da 'yan makonni sabon ruwa zai sauko, tafki ya sake cika. Baɗi zai kuma ja baya, wannan ba shakka, amma ni da kai ba mu san ko Baba zai gani ba. Ka rufe shago gobe ka tafi Wara.

Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Taka,
Gwaggo Safiya