Zan Jira Ka a Tashar Sombor

Uroš nawa, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, mai haƙurin da ni kaɗai na san zurfinsa,

Ina rubuto maka ne daga saman jirgin ruwa, mun baro tsibirin Kalymnos, takarda a kan gwiwata, iska na neman ƙwace ta. In na gama zan ɗauki hotonta in turo maka, don bakina ya kasa faɗar wannan a waya. Yau Asabar, kuma na san abin da ake yi a gidanku a wannan sa'ar. Mahaifiyarka Mama Smilja ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sauko da babban kwanon nan da ba ya saukowa sai sau ɗaya a shekara, tana kwaɓa burodin slava, bikin waliyyiyar gidanku. Ita kaɗai! Ni da ya kamata a ce ina tsaye a gefenta, ga ni a tsakiyar teku, gashina duk gishiri.

Ka tuna ranar da zan tafi? Kana zaune a bakin gado kana ɗinke mini igiyar jakar goyona da ta tsinke, allura a hannunka, gilashinka ya zamo har kan hanci. Ba ka ɗago ba ka ce, "Je ki sha yawonki, Dunja, amma ki dawo ranar Juma'a. Mama ta ce ke za ki taya ta kwaɓi. Ko ƙanwata ba ta taɓa bari ta sa hannu a kwanon nan ba." Na yi dariya na ce ai ko a ƙafa ne zan iso. Ka ciji zaren ka tsinke shi, ka dube ni, kallon nan naka mai laushi da ke sa in ji kamar an lulluɓe ni da bargo. Na san abin da gayyatar take nufi, masoyina. Wallahi na sani.

To, ka san halina, zanen dutse ne. Na sauka tsibirin ne don kawai jirgin ya tsaya a can kuma na ga tashar ta yi mini kyau. Ina cin gasasshen kifi a bakin ruwa sai na ga wata mata tana jidar tukwanen iska zuwa kwalekwale. Themelina sunanta, mai koyar da nutso. Na tambaye ta ko da wuya. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kin iya numfashi? To kin iya rabi." Kafin kifin ya huce na rubuta sunana. Ni 'yar Sombor, wadda ruwan da ta sani bai wuce magudanar bayan gari ba!

Ina ma kana wurin, hasken raina! Ina ma ka ga yadda rana ke tsattsagowa cikin ruwa, ka ga ƙananan kifaye suna juyawa tare kamar da bakin wani, ka ji shirun da ba abin da ke cikinsa sai numfashinka! Kafin a fito, dole a tsaya minti uku a riƙe igiya, ana hango ƙasan kwalekwale a sama amma ba a isa a taɓa shi ba. Ranar farko na kusa haukacewa. Rana ta uku kuwa, ina rataye a wurin, sai kai ka faɗo mini a rai. Ashe haka jira yake? Ashe abin da kake yi mini ke nan shekara uku, kana hango ni ba ka fizgo ni ba? Na yi kuka a cikin tabarau na ruwa, Themelina ta zaci yoyo yake yi.

Ga inda na yi ɓarnar. Saura mini nutso ɗaya in karɓi takardar shaida, iska ta hana mu fita kwana biyu. Safiyar Juma'a teku ta kwanta luf. Jirgina na sama kuwa da yamma ne. An koya mana dokar, na karanta ta da idona: wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya yini ya kwana, don iskar da jini ya sha a ƙasa takan taso ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza. Amma na ga ruwan nan, na ce ai nutso ɗaya ne kawai, ban gaya wa kowa zancen tikiti ba, na faɗa.

Sai da muka fito ina haɗa kaya Themelina ta ji zancen. Ta ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Jirgin sama? Yau?" Na ce masoyina na jirana, dole ne. Ta ja hannuna zuwa shagon kofi inda mahaifinta, tsoho Skevos, yake zaune. A da sana'arsa ciro soso daga ƙasan teku. Ta ce, "Baba, tashi ta gan ka." Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa na rawa, ya ja su taku uku. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ni ma sauri nake a ranar. Aka jijjiga mini igiya cewa matata na naƙuda, na taso ban tsaya ba." Ya nuna Themelina, ya nuna sandar. "Ga abin da aka haifa, ga abin da na samu. In yaron nan yana son ki, gara masa ki makara da ƙafafunki." Na zauna a wurin har lokacin jirgin saman ya wuce, wani kuma sai bayan kwana huɗu.

Da na kira ka, da ma ka yi mini faɗa! Da ma ka ce sauri ya haifi nawa, ka ce ka gaji da ni! Sai na jiyo Mama daga nesa tana cewa, "Ta taso?" Kai kuma ka ce da ni, "Kin ci abinci?" Wannan tambayar ta fi mari zafi, Uroš. Ba ka sake kira ba, ban kuma ga laifinka ba.

Ba zan ce maka na zama wata sabuwa ba, ƙarya zan yi. Ƙafata za ta ci gaba da ƙaiƙayi. Amma zuciyata ba ta taɓa yawo ba, wuri ɗaya ta sani, inda kake. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma da bakina zan faɗa wa Mama Smilja, ko za ta shekara ba ta dube ni ba.

Daga wannan jirgin ruwan sai mota, sai wata motar, har in iso Litinin da safe, rana ta biyu ta biki. Na san kyandir zai kasance a kunne, ƙofa a buɗe, kuma mahaifinka ba ya korar baƙo a kwanakin slava, ko maƙiyinsa ne. In na ƙwanƙwasa za a miƙo mini cokalin dafaffiyar alkamar biki, a ba ni kujera, a yi mini fara'a. Shi ya sa ba zan ƙwanƙwasa ba. Ba na son shigar da al'ada ta tilasta muku. Zan zauna a kan benci a tashar Sombor, jakata a ƙasa. In ka zo, zan san kai ne ka zo da kanka. In ba ka zo da safe ba, ina nan da rana. In ba ka zo Litinin ba, Talata ma rana ce. Wannan karon ni zan jira.

Taka, a ƙasa ko a ruwa, yau da kullum har numfashina na ƙarshe,

Dunja