Permin Abarshi Ya Tafi Cikin Riga

Malbaza, 9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Tsahara, uwar Mariama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya zafin Tajaye?

Kada ki dafa da ni ranar Juma'a, ba zan zo ba. Permina, takardar tuƙin nan da ke ciyar da mu, ya ɓata, kuma da hannuna na ba da shi. Shekaranjiya na ɗauko siminti, daf da Badagishiri madubin mota ya kaɗe ƙwaryar wata mai nono daga kanta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kin san yadda muke yi, wanda Allah ya kuɓutar sai ya yi sadaka da rigar da ke jikinsa. Na tuɓe shuɗiyar nan na miƙa wa wani ɗan ci-rani mai jiran motar Abijan. Sai a shingen jandarma na tuna da aljihun da kika ɗinka mini daga ciki, inda nake ajiye permin.

Alhaji Takama, mai motar, ya ba ni kwana goma in kawo sabo, ko ya ba wani makulli. Na kasa zama wuri ɗaya, sai zagaye motar nake yi ina bugun tayoyi.

Mijinki,
Abarshi

Tawa, 13 ga Maris, 1987

Tsahara,

Ina gaishe ki, ina tambayar ƙafar Inna. Na yi takardar ɓata wurin 'yan sanda a komisariyar Ƙonni, na ɗauki hoto, na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Kwana biyu ina kan bencin ofishin permi a nan, har magatakarda ya tono sunana. Sai ya ce tunda babbar mota nake ja, ba zai ba ni sabo ba sai likita ya sake duba idona.

Akwai abin da na ɓoye miki. Tun daminar bara idona na dama yake yin hazo. Hanyar ce na haddace, kowane rami na san shi, shi ya sa ba wanda ya gane. Matar nan ban gan ta ba sam, Tsahara, ƙarar ƙwarya kawai na ji.

Chindo, direban da muke kwana ɗaki ɗaya, ya ce ya san wanda zai kawo takardar likita ba tare da an duba ni ba. Na ce masa to, na ce a'a, na sake cewa to. Tsoro nake ji. Ban iya komai ba sai tuƙi, kuma ga bakuna bakwai a gida.

Ki yi mini addu'a, kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Abarshi

Malbaza, 17 ga Maris, 1987

Uwar Mariama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Chindo ya kawo takardar, har da hatimi. Yini guda tana aljihuna ina yawo da ita cikin kasuwa, duk mai tallar da ta gifta ta gefena na dama sai gabana ya faɗi. Washegari na mayar masa, na tafi wurin likita da ƙafata. Ya rufe mini idon hagu, ya ɗaga yatsu. Ban ma san ya ɗaga ba.

Na kai wa Alhaji makulli tun kwanakinsa ba su cika ba. Ya ce ni wawa ne, sannan ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ban san ko na yi daidai ba, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Ki ce wa ƙanena Tanimun kada ya ba kowa aron gonar gabas bana. Ranar Asabar ina nan tafe a motar kasuwa. Ki hana yara zuwa tasha tarona. Shekara ashirin da biyu suna ganin ubansu yana sauka daga gaba, ba na son su gan ni a baya cikin buhuna.

Wassalam, mijinki,
Abarshi