Lambar Ɗan Hajo

Talata, 4 ga Safar

Sa'ida ta ce in danna jan nan a jikin waya, in fara da rana da kwanan wata, sannan in faɗi duk abin da ke bakina. To, na danna. Wai likita ne ya ce tsofaffi su riƙa tuna baya suna faɗa, kar kai ya daskare. Sa'ida autata ce, aikin jinya take, ba a ja da ita a maganar likita. Ta ce ba mai ji sai na yarda.

Sunana Tani. A Soron Ɗinki aka kawo ni amarya, a nan nake har yau. Wayar ba Sa'ida ta saya ba, daga Dukawuya aka aiko da ita. Ban tambayi wa ya aiko ba.

Ruwa ya sauka da hantsi. Indararon ɗakin maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya karye, bangon yana shan ruwa.

Alhamis, 6 ga Safar

Nana maƙwabciyata ta shigo ba sallamar kirki, mayafi a kafaɗa, tana haki. Wai ban ji ba? Jami'a za ta ba Ɗan Hajo lambar yabo. Na ce Allah ya sanya alheri, na ci gaba da tsintar shinkafata. Ta ce, "Ke dai Tani, ko akuyarki ce ta haihu kin fi haka motsi."

Tunda wayar nan ba ta san kowa ba, bari in gaya mata. Ɗan Hajo ni na haife shi, shi ne na fari. Da aka yaye shi, yayata Hajo ta goye shi ta tafi da shi gidanta a Dukawuya, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita yake kira Inna, ni Yaya Tani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zama hira da shi. Haka na tarar. Uwarmu har ta koma ga Allah ban ji ta ce Hajo ba, sai dai "waccan". Yanzu ya yi furfura a gemu, malami ne a jami'a, Dakta suke ce masa. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

Nana ta ce lambar iri-iri ce. Akwai ta wanda ya iya koyarwa, akwai ta masu bincike, akwai ta wanda ya yi wa jama'a wani abu. Tasa ta jama'ar ce, saboda ajin matan da yake yi a tsakar gidan Yaya Hajo, Talata da Asabar bayan la'asar. Nana can take zuwa. Tsofai-tsofai da ita, yanzu ita ke karanta wa kanta takardar magani, ta ishe mu.

Ni ban taɓa zuwa ba. Ina zan zauna gaban ɗan fari ya ce in maimaita?

Lahadi, 9 ga Safar

Ɗan Hajo ya zo gaisuwa. Ya durƙusa bakin ƙofa kamar kullum, na juya ina gyara shimfiɗa kamar kullum. Sa'ida ce a tsakani.

Ya ce ranar Asabar ta sama za a yi bikin. Kowane mai karɓa ana ajiye wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa kujera a gaba. Ya ce, "Da Inna na nan, da ban dame ki ba, Yaya Tani." Yaya Hajo daminar bara ta rasu.

Na ce wa Sa'ida ta gaya masa gwiwata ba ta son zama a kujera. Yana jina sarai, taku nawa ne tsakaninmu. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya daɗe bai tashi ba. Da zai fita ya tsaya yana kallon indararon nan.

Laraba, 12 ga Safar

Mutanen jami'a sun zo unguwa da na'urar ɗaukar hoto, wai za su haɗa bidiyon da za a nuna ranar bikin. Nana ce ta jawo su gidan nan, ba shawara. Wata yarinya ce ke tambaya, Shamsiyya, mai fara'a, da ɗan gilashinta. Suka zaunar da ni gindin bishiyar lemo, suka maƙala mini wani abu a bakin mayafi.

Ta ce, "Hajiya, me Dakta yake a wurinki?"

Na ce ɗan yayata ne.

Nana ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Yarinyar ta rubuta. Ta ce in faɗi wani abu a kansa. Na ce yana gaishe da mutane. Ta jira, wai ko da ƙari. Na ce shi ke nan. Ta ce ina zuwa ajin? Na ce a'a. Ta yi dariya ta ce, "Ai kuwa sai mun kai ƙararki wurin Dakta."

Na ɗauka ta gane. A da, duk matar da ta ce maka "ɗan yayata" tana kallon ƙasa, ka san me take nufi. 'Yar Kano ce fa, ta ce kakanninta 'yan Ƙofar Mazugal ne. Amma a bayan gari ta tashi.

Juma'a, 14 ga Safar

Isiyaku magini ya zo ya gyara indararo. Ya ce daga Dukawuya aka turo shi.

Litinin, 17 ga Safar

Sa'ida ta dawo aiki, ko hijabi ba ta cire ba ta tsaya a kaina. An tura wa Ɗan Hajo bidiyon ya duba kafin ranar. Wai a ƙarƙashin fuskata sun rubuta ƙanwar mahaifiyarsa, kuma sun sa hoton Yaya Hajo sun ce ita ce mahaifiyar. Ta ce masa ya kira su su gyara. Ya ce a'a. Ya ce, "Abin da ta faɗa ke nan. A bar shi."

Ta ce, "Iya, gaban duk jama'ar nan za a nuna ba ke kika haife shi ba. Hankalinki ya kwanta?" Na ce ta je ta ci abinci. Ta ce zamanin wannan kunyar ya wuce, ita ɗanta na fari har a cinya take ɗora shi. Na ce na gani ai.

Da ta fita na tuna shekarar da ƙyanda ta kama shi, yana ƙarami. Aka ce jikin ya yi tsanani. Na tashi da rana tsaka na tafi Dukawuya a ƙafa, da cikin wata bakwai. Na shiga na ce na zo duba akuyar Yaya Hajo ne, an ce ba ta cin dusa. Yaya Hajo ta kalle ni, ta ce akuyar tana ɗaka, in shiga in gani. Na tsaya bakin ƙofa. Yana kwance a tabarma, ido a kumbure, leɓe duk ya tsage. Ban shiga ba. Sai da na ga ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, sannan na fito na ce akuyar da sauƙi.

Wannan bai sani ba. Wadda ta sani ta tafi.

"A bar shi." Muryar Malam ke nan in ya yi fushi, ba ya ɗaga ta.

Asabar, 22 ga Safar

Na je. Matan ajin sun ɗauki bas, Nana kuma ba ta iya hawa mota sai an riƙe mata hannu. Don haka na je.

Ɗakin taron babba ne, sanyi kamar cikin randa. Muka zauna can baya, mu da matan aji. Malaman suka shigo a jere cikin manyan riguna masu ja da kore, da wata hula mai faɗi kamar faifai. An daɗe ana Turanci. Wata mata ta karɓi ta koyarwa, ɗalibanta suka yi ta buga tebur. Wani siririn mutum ya karɓi ta bincike, Nana ta ce a kan ƙwarin da ke cin wake ne. Na ce wannan kam ya yi aiki.

Daga inda nake ina hango kujerar. Tana gaba, kusa da matarsa, an liƙa mata farar takarda. Ba kowa a kai.

Sai aka kashe fitila aka sa bidiyon. Ga tsakar gidan Yaya Hajo, ga mata da allunansu, ga Nana tana karatu da ƙarfi kamar mai tallan gyaɗa. Sai ga fuskata, girmanta ya kai ƙofar soro. Na ji kaina ina cewa ɗan yayata ne. Ban san haka muryata take ba. Na ji ina cewa yana gaishe da mutane, ɗakin ya yi dariya. Matan da ke kusa da ni ba su yi ba, su sun sani.

Aka kira sunansa a lasifika, duka har da na Malam. Matan suka rangaɗa guɗa, wani mai kaki ya zo yana cewa a yi haƙuri.

Ya karɓa, ya yi Turancinsa, sannan ya juya Hausa. Ya yi wa Yaya Hajo addu'a, ya ce a tsakar gidanta aka fara, da tabarmarta. Ya gode wa matan, ya ce lambar tasu ce, su suka bar wanki da girki suka zo. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce akwai gyara ɗaya a bidiyon, kuma ba laifin masu ɗauka ba ne. Ya ce, "Wadda ta haife ni tana da rai, tana cikin ɗakin nan. Ba zan nuna ta ba, ba za ta so ba. Ba zan kira sunanta ba, ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. Mun yi canjaras."

Aka yi dariya sosai, har da tafi. Shi ma ya yi. Amma a wajen "ba ta taɓa" ɗin nan muryarsa ta ɗan sarƙe, sai da ya gyara. Ba na jin wani ya lura.

Nana ta yi ta zungurina da gwiwar hannu. Ni takalmina nake kallo, maɗaurin ya fara tsinkewa.

An ba mu shinkafa a roba. Ta yi gishiri.

Lahadi, 23 ga Safar

An aiko da lambar gidan nan. Gilashi ce mai nauyi, da rubutu a jiki. Na ce wa Sa'ida a mayar Dukawuya, nan ba wurinta ba ne. Ta ce in na iya in kai da kaina. Na sa ta cikin kwabet bayan tasoshi, kar yara su fasa.

Da la'asar na buɗe kwabet ɗin neman murfi. Na sake buɗewa kafin magariba. Murfin dai ban gan shi ba.

Talata, 25 ga Safar

Nana ta bar lemarta a ɗakina, ga hadari ya haɗo ta gabas. Mace mai ciwon ƙirji. Na ɗauka na bi ta Dukawuya.

Rabona da gidan tun sadakar bakwai ɗin Yaya Hajo. Turken akuyar yana nan. Na tsaya a soro, inda ba a ganina sosai. Yana tsaye gaban allo, ya naɗe hannun riga, alli duk a gemunsa. Wata tsohuwa, ta girme ni ma, ta kasa wani baƙi. Ta yi, ta kasa, ta sake, ta kasa, ta ce ita kanta ya toshe a bar ta. Bai matsa gaba ba. Ya durƙusa gabanta, irin durƙuson da yake mini, ya ce, "Baba, ba sauri muke ba. Wanda ya jira shekara saba'in ai zai jira la'asar ɗaya." Ta yi dariya ta sake ɗaukar allin.

Ashe haka yake magana in ba a juya masa baya ba. Yana da ban dariya. Ban sani ba.

Ya hango ni. Ya dubi matan ya ce, "A ba baƙuwa tabarma." Na ce wa Nana ga lemarki, ni tafiya zan yi. Sai ruwan ya sauko. Na zauna daga gefen rumfa har ya ɗauke. Bai ce in maimaita komai ba.

Ruwan ya ɗan jima da ɗaukewa kafin in tashi. Gwiwa.

Alhamis, 27 ga Safar

Yau ba labari. Sa'ida tana aikin kwana. Na wanke tasoshin kwabet, na dawo da gilashin nan gaba, a baya yana tara ƙura. Indararo yana zubar da ruwa yadda ya kamata, bangon ya fara bushewa. Maɗaurin takalmin nan ya ƙarasa tsinkewa, na ce zan ba mai gyara, sai ga sabo a leda, wai Mikail ne ya gani ranar Talata ya...

To.

Sunan ya kuɓuce mini. Takalmin daidai ƙafata kuwa. Ban san yadda aka yi ya san ƙafata ba.

Sa'ida ta taɓa cewa in na faɗi abin da ban so ba, akwai inda ake dannawa a goge. Ban tambaye ta ina ne ba.