Layin da Ya Ja a Jikin Gilashi

Litinin, 3 ga Maris
Kwana hamsin da biyu da rasuwar maigidana. Yau na yaye zanen da ke rufe da akwatin gilashin nan na falo. Shi ya saye shi, shi ya yi masa teburin ƙarfe a shagonsa na walda, wai kifin teku zai zuba mu riƙa kallo. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a talabijin! Ko ruwa bai kai ga zubawa ba. Ya dai ja layi da baƙin alƙalamin maka a jikin gilashin, iyakar inda ruwa zai tsaya, ya bar buhun gishiri da ɗan littafinsa na rubutu.
Yaya ta ce in sayar. Na ce to. Ban sayar ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Hamsin da biyar. Na je wurin mai shagon kifin ado da littafin a hannuna. Yana ganin rubutun ya gane. "Au, Mama, ke ce matar mai walda? Ina ya shiga, mutumin da ya cika ni da tambaya kamar ɗan jarida?" Na faɗa masa. Ya yi mini gaisuwa.
Ya ce gishirin ba na girki ba ne. A bokiti zan dama shi da tataccen ruwa, in gwada da wani ɗan ma'aunin roba mai allura, sai allurar ta tsaya a kan ja. Kuma babu kifi sai bayan kusan wata guda, wai ruwa ma sai ya nuna. Ya yi ta bayani, rabi na kama. Karatuna bai yi nisa ba, kuma na ji kunyar cewa ya maimaita.

Asabar, 15 ga Maris
Sittin da huɗu. Ruwa, yashi, duwatsu, da ɗan injin da ke kaɗa ruwan. Da aka ɗauke wuta na minti goma na tsaya a kansa har aka dawo da ita.
Kullum ruwan sai ya sauka ƙasa da layinsa. Ba na iya ganin haka. Sai in dama sabo a bokiti, in gwada, allura a kan ja, in cika har layin.
Yaya ta zo ta tsaya tana kallo. "Mutane na kiwon kaji, ke kina kiwon ruwa. Yaushe zai yi ƙwai?" Na yi dariya don ta ji daɗi.

Laraba, 2 ga Afrilu
Tamanin da biyu. Kifayen sun iso, su biyu, a cikin leda. Ruwan lemo da farin zane, ba su fi ɗan yatsana ba. Babban na sa masa Acici, ƙaramin Ɗan Kunya, don bayan dutse yake laɓewa.
Ina tsoro. Gidan nan ba zai ɗauki wata mutuwar ba.

Talata, 15 ga Afrilu
Casa'in da biyar. Ɗan Kunya ya ƙi ci, kwana biyu ke nan. Bakinsa na buɗewa yana rufewa da sauri. Na san irin numfashin nan, na zauna kusa da shi wata huɗu a jinyar maigidana.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Da safe na same shi kwance a kan yashi. Da cokali na ɗauke shi.

Asabar, 19 ga Afrilu
Casa'in da tara. Acici ma ya fara. Na ɗebi ruwan akwatin a gora na ruga shagon, ko takalmina ban dubi wanda na sa ba. Mai shagon ya zuba a ma'auni, allura ta haye can sama ta manne.
"Mama, kina gwada ruwan kuwa?"
Na ce kullum.
"Wanne? Na bokiti ko na wurin kifin?"
Na bokiti. Ban taɓa gwada na akwatin ba tun ranar farko.
"In ya ragu, da me kike cikawa?"
Na ce da ruwan gishiri mana, ba kifin teku ba ne?
Ya dafe kai. "Mama, in miya ta ƙafe a kan wuta, ruwa kike ƙarawa ko gishiri?"
Nan na zauna a kan wani bokiti da aka kife. Shekara talatin ina girki. Zafi ruwa kawai yake sha, gishirin yana nan, ni kuma kullum ina ƙara wani a kai don kada layin maigidana ya zauna a bushe. Da hannuna na yi.
Ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya gwada kafin ya ba ni kifi. Ya ce kada in yi gaggawa, in na tsarma shi lokaci guda Acici ba zai kai gobe ba. In ɗebe kofi ɗaya, in mayar da kofi ɗaya na ruwa zalla, safe da yamma, in riƙa gwadawa. Wannan karon na sa shi ya maimaita har sau uku.

Talata, 22 ga Afrilu
Ɗari da biyu. Allura ta sauko kaɗan. Na duba Acici. Yana nan. Bai ci ba, amma yana nan.

Lahadi, 4 ga Mayu
Allura a kan ja, kwana uku a jere. Acici ya dawo da halinsa, har yatsana ya cafka. Yaya ta ce ta ga wanda ya fi ta son abinci. Tare muka ci a falo, ta ƙara mini na cinye.
Mai shagon ya ce in zo in ɗaukar masa abokin zama. Na ce ba yanzu ba. Ban dai ce a'a ba.
Na duba littafin maigidana tun daga farko har ƙarshe, babu maganar cika ruwa. Ashe shi ma bai sani ba, da shi ne ma haka zai yi, ya kuma rantse ma'aunin ne ya lalace. A ƙasan layinsa na ƙarshe na rubuta: in ya ragu, ruwa zalla. Rubutuna ya karkace kusa da nasa.
Yau ban sa adadin kwanakin a sama ba. Sai yanzu na lura. Gobe na lissafa.