Ki Gaya wa Farfesa Maganar Fitilar

Zuwa ga 'yata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga unguwarmu ta Fegge, da fatan sanyin ƙasar da kike karatu bai hana ki cin abinci ba.

Na kalli bidiyon da kika turo ban san adadi ba. Ƙananan ƙwallayen nan na tantanin maiƙo da kika haɗa da hannunki, kika sa musu rini mai ƙyalli, suna haske a ƙarƙashin madubin gwaji mai ƙara girman abu. Da kika rage zafi sai maiƙon ya rabu gida biyu, kore gefe, ja gefe, kamar kitse a saman romo idan ya huce. Na nuna wa maƙwabcina Malam Sani mai nama, ya ce ashe kallon romo ne ya kai ki ƙetare.

Sai ga saƙonki na biyu. Kin gano kina barin fitilar madubin a kunne fiye da kima, hasken ya lalata maiƙon, shi ya jawo rabuwar, ba sanyin ba. Aikin wata bakwai. Babu wanda ya sani, kuma kina tambayata ko ki yi shiru.

A rumfar albasa kika san ni, ba ki san ni da farar riga ba. A ɗakin gwajin da na yi aiki a Inugu, na taɓa gano ma'aunin zafinmu ya karkace bayan mun gama rubuta sakamako. Oga ya ce, "Bar shi haka, wa zai duba?" Na bari. Gaskiyarsa, ba wanda ya duba. Amma daga ranar ban ƙara yarda da lambar da hannuna ya rubuta ba, bayan shekara biyu na ajiye aikin. Na daɗe ina gaya muku ƙasar nan ce ta cuce ni. Ta cuce ni, amma ba a wannan ba.

Ki je wurin Farfesan da ke duba aikinki gobe, ki faɗa masa da bakinki. Ki rage hasken, ki taƙaita kallon, ki sake daga farko. Ke kika kama kuskuren, ba wani ya kama ki ba. Kin iya aikin ke nan.

Uwata, wata bakwai bai tsorata ni ba. Ko shekara za ki ƙara, ina nan, ciwon ƙafata ma ya yi sauƙi.

Allah Ya sa Farfesa ya saurare ki da sanyin rai. Allah Ya ba ki sakamakon da za ki sa wa hannu ba tare da kin kau da kai ba.

Naki,
Baba