Sunaye Biyu, Ƙwai Ɗari Huɗu

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Tsara da Daidaita Ƙa'idojin Harshen Rubuta Manhaja
Daga: Wani mai rubuta manhaja, surukin mai gonar kaji
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Dokarku ta taƙaita tsawon suna

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kwamiti na cikin hutun da ya saba, ina kawo kukana kamar haka:

1. A watan Maris surukina ya ba ni aikin rubuta manhajar da za ta kula da zafin injin ƙyanƙyasar ƙwansa. Dattijon bai taɓa yarda cewa zama gaban kwamfuta sana'a ba ce. Matata ce ta yi ta roƙo har ya ce a gwada ni.

2. Malaminmu ya hore mu da kiran kowane abu da cikakken sunansa. Don haka na raɗa wa adadi biyu suna: zafin_ƙyanƙyasar_da_ake_so, da kuma zafin_ƙyanƙyasar_da_ke_kisa.

3. Ashe cikin hikimarku kun zartar cewa haruffa goma sha shida na farko kawai na'ura za ta duba, sauran ado ne. Sai ta ɗauki sunayen biyu a matsayin ɗaya, ta riƙe na biyun. Ko tari ba ta yi ba, balle gargaɗi. Ina yaba muku da wannan ladabi da kuka koya mata.

4. Ranar 2 ga Afrilu muka buɗe injin, surukina na gaba, iyalinsa na baya. Ƙwai ɗari huɗu sun dahu lugub, gishiri kaɗai ya rage. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Surukina bai yi faɗa ba, sai ya ɓare ɗaya ya miƙo mini, ya ce in ci gumina.

5. Na lura sunan kwamitinku kansa ya ci layi guda, kuma ba wanda ya datse shi.

Saboda haka ina roƙon a ƙara tsawon, ko aƙalla a sa na'ura ta riƙa tsawatarwa idan sunaye suka yi karo. Ina kuma roƙon takarda mai hatimi da ke bayyana cewa da hannunku a ciki, domin matata ta tafi yi wa mahaifinta jaje tun ranar, har yau ba a gama jajen ba.

Ka huta lafiya, cikin girmamawa.

Naka mai biyayya,
Wanda yanzu yaran gidan surukai ke kira Kawu Mai Dafa Ƙwai